Zare: Yadda ƙasar da ta hana bindiga ta zama gwanar ƙera bindigar ƙarya

1/ Jama'a, tun da na ɗora hoton nan ranar Asabar ban huta ba. Wasu na tambaya ko soja na shiga a Japan, wasu na cewa in taho musu da guda ɗaya idan zan dawo hutu. Hajiyata kuwa ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba: "Karatu na tura ka ko me?" To ku matso, yau sai na warware zare da abawa. 🧵

2/ Abin da kuka gani a hannuna ba bindiga ba ce. Eyasof ake ce mata. Siffar AK-47 gare ta sak, amma batir take ci, kuma abin da take tofarwa 'yan ƙwallayen roba ne masu faɗin milimita 6, kamar ƙwayar waken suya. Babu albarushi, babu kwanso, babu wuta.

3/ Ina aji uku a fannin ƙere-ƙeren injina, kuma kun san halinmu, duk abin da ke da noti sai mun kwance shi. Da na kwance ta na bi tarihinta, sai na ga kusan duk abin da ke jikinta, daga robar da aka yi gangar jikin har ƙarfin sifirin da ke ciki, akwai hannun doka a ciki. Tarihin ƙasa guda ne aka ɗaure da sukurori.

4/ Mu koma can baya tukuna. A 1543 wani jirgin ruwa ɗauke da 'yan Fotugal ya iso tsibirin Tanegashima a kudancin Japan. Sarkin tsibirin, Tanegashima Tokitaka, yaro ne matashi, ko shekaruna bai kai ba. Ya sayi bindiga biyu irin ta toka, ya miƙa wa maƙerin takubbansa, ya ce ƙera mini irinta.

5/ Labarin da ake bayarwa shi ne maƙerin ya kwaikwayi komai, sai abu ɗaya ya gagare shi: toshiyar ƙarshen bututun, wadda ake murzawa kamar noti. Maƙeran ƙasar ba su san yadda ake yanka zaren noti ba a lokacin, sai da wani baƙo ya nuna masa daga baya. Wato bindigar farko da Japan ta ƙera ma kwaikwayo ce, kuma daga waje ta yi kama, a ciki aikin yake.

6/ Ku riƙe wannan maganar ta waje da ciki, za mu dawo kanta.

7/ Cikin shekara 32 kacal, a yaƙin Nagashino na 1575, Oda Nobunaga ya jera rundunar 'yan bindiga ya karya mahayan gidan Takeda. Sai a 1588 magajinsa Toyotomi Hideyoshi ya ba da umarnin ƙwace takubba da bindigogi daga hannun manoma. Tun daga nan hukuma a ƙasar nan take da ido a kan wa ke riƙe da makami.

8/ Na tsallake ƙarni uku da rabi, ku yi haƙuri. 1945 Japan ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka suka mamaye ta har 1952, aka hana farar hula riƙe bindiga da takobi. A 1958 aka kafa dokar mallakar bindiga da takobi, wadda ita ce ke aiki har yau, ana ta yi mata gyara.

9/ Yau in kana son bindigar farauta a nan, sai ka zauna aji, ka rubuta jarrabawa, ka ci gwajin harbi, likita ya shaida lafiyar ƙwaƙwalwarka, 'yan sanda su binciki tarihinka. Duk shekara 3 ka sabunta. Raifil kuwa sai ka shekara 10 da ta farauta ba ka yi laifi ba. Ƙaramar bindiga ta hannu, ka ma cire rai. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 120, akwai shekarun da waɗanda harbi ya kashe ba su kai 10 ba.

10/ Amma hana mutum abu ba ya hana shi sha'awarsa. A shekarun 1960 finafinan kaboyi da na 'yan leƙen asiri sun cika gari, samari na son riƙe abin da jarumin fim ke riƙewa. Sai kamfanoni irin su MGC suka fara ƙera bindigogin kallo da haɗin tutiya. Suna da nauyi, ana kwance su kamar na gaske, wasu har ƙara suke yi da ɗan hayaƙi, amma ba abin da ke fita daga bakinsu.

11/ Sun yi kyau har kyan ya zama matsala. Ɓata-gari suka fara tsorata mutane da su, wasu suka fara huda bututun suna neman mayar da su na gaske. A 1971 aka gyara doka: duk ƙaramar bindigar kwaikwayo ta ƙarfe dole a toshe bakinta, kuma a yi mata fenti fari ko rawaya. Shi ya sa in ka shiga shagunan nan za ka ga wasu bindigogi ruwan gwal. Ba gayu ba ne, doka ce.

12/ A 1977 aka ƙara matsawa: an hana sayar da duk kwaikwayon ƙarfe da za a iya juya shi ya zama makami. Masana'antar ta shiga tsaka mai wuya. Mai saye yana son baƙar bindiga mai kama da ta gaske, doka kuma ta tsaya a kan ƙarfe. Mafita? Roba. Irin robar nan mai tauri da ake kira ABS, wadda ake yin tubalan Lego da ita.

13/ Ku lura da dabarar. Roba za ta ɗauki kowace siffa, har rubutun jikin bindiga da layukan da injin ya bari. Amma in wani ya yi gangancin sa mata harsashin gaske, a hannunsa za ta tarwatse. Daga waje kamar gaske, daga ciki ba za ta taɓa zama gaske ba. Wannan ita ce ƙa'idar da aka gina komai a kanta.

14/ Daga nan aka ce to tunda ba za ta harba harsashi ba, me zai hana ta tofar da wani abu mara illa? Sai aka shigo da iska. Na farkon sifirin ne kawai: ka ja da hannu, fistin ya koma baya, ka danna kunama, iska ta tunkuɗo ƙwallon roba. Harbi ɗaya, ka sake ja. A shekarun 1980 aka daidaita a kan ƙwallo mai milimita 6.

15/ A 1981 aka buga wasan harbin fenti na farko a jihar New Hampshire ta Amurka, mutane na farautar juna a daji da ƙwallayen fenti. Labarin ya iso Japan, samari suka ce ai muna da namu kayan. Suka raɗa masa "sabage", taƙaicen wasan tsira da rai. Har yau sunan kenan.

16/ Masu son harbi ba ƙaƙƙautawa kuma suka koma wa gas. Kamfanoni irin su JAC da Asahi suka fito da bindigogin da ake haɗa su da tiyo zuwa tankin gas da mutum zai goya a baya ko ya rataya a ƙugu. Ka ga ƙato na gudu a daji da tiyo kamar mai feshin maganin ƙwari a gona 😂 Kuma da yake kowa na iya ƙara matsin iskar, sai aka shiga gasar wa ya fi wani zafin harbi. Ana ta jin ciwo.

17/ Yanzu ga inda labarin ya juya. Akwai wani kamfani a unguwar Adachi ta Tokiyo, Tokyo Marui, an kafa shi a 1965. Asalin sana'arsa kayan wasa ne: ƙananan motoci da ake harhaɗawa, da motocin rimot masu batir. Wato sun san roba, sun san ƙaramin injin lantarki, sun san giya.

18/ A 1991 suka fitar da kwaikwayon FAMAS, bindigar sojan Faransa, da injin lantarki a cikinta. Ba tiyo, ba tanki. Batir mai ƙarfin 8.4, irin na motar rimot. A taƙaice motar wasa ce aka sa mata kakin soja. Cikin 'yan shekaru masu goya tanki suka zama tarihi.

19/ Bari in buɗe muku cikinta, don nan ne daɗin yake a wurina. Akwai ɗan akwatin tutiya, giyabos, girmansa kamar tafin hannu. Ka danna kunama, wuta ta haɗu, injin ya juya giya ta farko, ta farko ta juya ta biyu, ta biyu ta juya ta uku. Giya uku ne kawai, aikinsu rage gudu su ƙara ƙarfi.

20/ Ta ukun ita ce mai wayo: haƙoranta rabi ne, rabin da'irar babu komai. Haƙoran su kama fistin su ja shi baya yana danne sifirin. Da an zo inda haƙora suka ƙare, sai fistin ya kuɓuce, sifirin ya wurgo shi gaba, iskar silinda ta matse ta fita ta ɗan siririn baki, ta tura ƙwallo. Wani ɗan faranti kuma yana ja da bakin baya don sabon ƙwallo ya hau. Duk wannan fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya.

21/ Ranar da na fara buɗe nawa, sifirin ya yi tsalle ya bar ɗakin da wani ɗan ƙaramin ƙarfe. Rabin awa ina rarrafe a ƙasan gado. Abokin ɗakina ya shigo ya same ni da fitilar waya a baki, bai ce komai ba ya koma.

22/ Saura matsala ɗaya. Ƙwallon giram 0.2 ne, ba shi da nauyi, kafin ya yi nisa ya faɗi. Ka ƙara ƙarfi, ka ji wa mutane ciwo. A 1993 Marui suka sa wata 'yar roba a saman bututun, daidai mafarinsa, wadda ke shafar kan ƙwallo yayin da zai wuce. Suka kira ta Hop Up.

23/ Shafar nan tana sa ƙwallon ya fita yana juyawa da baya, kuma duk abin da ke juyawa haka a cikin iska sai iskar ta ɗaga shi. Wani Bajamushe, Heinrich Gustav Magnus, ya bayyana wannan tun 1852. 'Yan ƙwallo kun san abin: shi ne ke sa bugun tazara ya lanƙwasa ya bar gola a tsaye. A nan sama ake lanƙwasa shi, sai ƙwallon ya miƙe har mita 40 zuwa 50 ba tare da an ƙara ƙarfi ko kaɗan ba.

24/ Wallahi wannan 'yar robar da ba ta kai kan ɗan yatsa ba ta fi burge ni a kan duk sauran. An hana ka ƙarfi, sai ka nemi nisa ta hanyar ilimi.

25/ To mu zo kan AK ɗin kanta, tunda ita ta jawo mini faɗan Hajiya. Ta gasken Mikhail Kalashnikov ne ya tsara ta, sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓe ta a 1949. Da farko da fallen ƙarfe aka lanƙwasa gangar jikinta, amma masana'antun suka yi ta samun matsala, sai aka koma sassaƙa ta daga curin baƙin ƙarfe. Nauyinta ya haura kilo 4. Sai a 1959 aka fito da AKM, aka koma fallen ƙarfe, nauyi ya sauko kusan kilo 3.

26/ Wadda Marui suka kwaikwaya a shekarun 1990 ita ce mai sassaƙaƙƙen jikin. Ku ji abin dariya: bindigar da aka sani da curin ƙarfe, an yi jikinta da roba. Ƙotar da mariƙin da kuke gani kamar katako, su ma roba ce aka yi wa zanen itace. Ka ƙwanƙwasa ka ji "ƙwas". A cikin ƙotar ma batirin yake kwana.

27/ Amma sauran bayanai sun bi su daki-daki. Ƙarfen zaɓen harbi na gefen dama: sama a kulle, tsakiya ruwan harbi, ƙasa ɗai-ɗai, kamar dai ta gaske. Magazin mai lanƙwasa ana saƙala shi ta gaba a ja shi baya ya kama. Na yau da kullum na ɗaukar ƙwallo 70. Akwai mai cin 600, wanda ake wana wani ɗan gare-gare a ƙasansa, amma in kana gudu yana kaɗawa kamar caki, kowa ya san inda kake.

28/ Bututun da ake gani daga waje ma ado ne. Na gasken yana ciki, siririn bututun tagulla mai faɗin milimita 6.08. Tazarar da ke tsakaninsa da ƙwallon ba ta fi kaurin gashi biyu ba. A nan ake sanin gwanin ƙira, ba a nauyi ba.

29/ Daga ƙarshen shekarun 1990 sai maƙwabta suka shigo. Classic Army a Hong Kong, ICS da G&G a Taiwan, daga baya CYMA da JG a ƙasar Sin. Suka ɗauki tsarin giyabos ɗin Marui kusan yadda yake, har ya zama ma'aunin duniya: giyar wannan kamfani ta shiga akwatin wancan. Abin da suka ƙara shi ne abin da masu saye a Turai da Amurka ke nema, wato jikin ƙarfe.

30/ Wasu sun kai abin maƙura. LCT ta Taiwan tana yin AK da fallen baƙin ƙarfe da katako na gaske, da ribit kamar na asali. Ka bar ta a damina ta yi tsatsa. Kamfanoni irin su Umarex na Jamus da Cybergun na Faransa kuma suka riƙa sayen lasisi daga masu ƙera makaman gaske don a buga tambarinsu a jiki. Kwaikwayo da takardar izini, tirƙashi.

31/ A nan na yi nawa wautar. Kafin wannan da kuka gani, na sayi wata ta hannu a wurin wani ɗalibi da zai bar gari, ba zan faɗi kamfanin ba. Na ɗaga na ji nauyi, na ji sanyin ƙarfe, na ce shi ke nan na yi tsintuwa. Kuɗin aikin wucin gadi na sati biyu na zuba.

32/ Fita ta biyu ta mutu. Da na buɗe, ashe mai ita na farko ya sa mata sifirin da ya fi ƙarfin akwatin, gaban giyabos ɗin ya tsage, haƙoran fistin sun zube kamar na tsohuwa. Giyoyin ba a daidaita tazararsu ba, suna cin juna. Ƙarfen jikin da ya ruɗe ni kuwa haɗin tutiya ne mai arha, irin wanda ke karyewa maimakon ya lanƙwasa. Jiki duk nauyi, ciki fanko.

33/ Tun daga ranar, in an miƙo mini ɗaya ba nauyi nake fara dubawa ba. Sai in riƙe ƙota da gaba in ɗan murɗa, in ji ko tana kuka. In sa magazin in girgiza. In harba babu ƙwallo in saurara: mai kyau "tak-tak-tak" take yi a tsabtace, mara kyau kuwa kamar injin markaɗe ya ci dutse. Sannan in harba goma in ga ko wuri ɗaya suke zuwa. Ta roba mai daidaiton ciki ta fi ta ƙarfe mai zubar da iska sau goma.

34/ Marui ma daga baya sun bi kasuwa. A 2007 suka fito da sabon zubi, suka fara da AK74MN, mai sassan ƙarfe da wani nauyi a ciki da ke kai da komo don ka ji tana dukan kafaɗa. Ku duba fa: injiniyoyin bindigar gaske na neman rage dukan kafaɗa, na bindigar ƙarya na kashe batir don ƙirƙiro shi.

35/ Maganar ƙarfi kuwa, doka ta rufe ta a 2006. Bayan an samu masu ƙara wa bindigoginsu ƙarfi suna harbin motoci da tagogi, aka gyara dokar 1958 ɗin nan: duk wadda ta wuce kimanin jul 0.98 haramun ce, mallakarta ma laifi ne. Jul shi ne ma'aunin ƙarfin abin da aka harba.

36/ Mu yi lissafi, 'yan kimiyya ku duba ni. Rabin nauyi sau gudu sau gudu. Ƙwallon giram 0.2 a gudun mita 99 cikin daƙiƙa ya ba ka jul 0.98. Harsashin AK na gaske kusan giram 8 ne, yana fita da gudun da ya haura mita 700, wato wajen jul 2,000. Ninki dubu biyu kenan. A kowane filin wasa sai an auna taka da na'ura kafin ka shiga, in ta wuce ka koma gida.

37/ Kada wani ya ce to ai ba komai. A fata kamar harbin rina ne, ya yi ja ya wuce. A ido kuwa makanta ce, a haƙori karaya. Cire tabarau a cikin fili shi ne laifin da ake korar mutum nan take. Kuma irin tawa sai ɗan shekara 18 ake sayar wa, ta yara ƙarfinta bai wuce jul 0.135 ba.

38/ Shin kwaikwayon ya kai a koyi harbi da shi? A 2004 wani Bajapane, Tatsuya Sakai, wanda a gida da eyasof yake atisaye tunda ba shi da damar riƙe ta gaske, ya je Kalifoniya ya ɗan yi horo da bindigar gaske, ya lashe gasar saurin harbi ta duniya da ake kira Steel Challenge. A gaban Amurkawa, a gidansu.

39/ To yanzu ɓangaren da ya sa na zauna rubuta duk wannan. Kyan ƙirar nan, wannan kamar da aka shekara 60 ana gogewa, a Japan ba ta cika kashe kowa ba, domin ba wanda ke tsammanin ganin bindigar gaske a titi. Ka ɗauke ta ka kai ƙasar da kowa ke tsammanin bindiga, sai lissafin ya canza gaba ɗaya.

40/ Amurka ta san haka, shi ya sa tun 1988 dokar tarayya ta ce a sa wa bakin bindigar wasa launin ruwan lemo mai haske. Amma ɗan bakin roba ne, yana karyewa, yara kuma na cire shi don ta fi kama da gaske.

41/ Ranar 22 ga Oktoba 2013, a Santa Rosa ta Kalifoniya, wani yaro ɗan shekara 13, Andy Lopez, yana tafe da eyasof mai siffar AK-47 wadda bakin lemonta ya fita. Jami'in tsaro ya gan shi, ya harbe shi har lahira. Ranar 22 ga Nuwamba 2014, a Cleveland, Tamir Rice ɗan shekara 12 yana wasa da ƙaramar eyasof a filin shaƙatawa. Cikin daƙiƙa biyu da isowar motar 'yan sanda aka harbe shi, washegari ya rasu.

42/ Ba jul 0.98 ne ya kashe yaran nan ba. Kamar ce, da kuma saurin hannun wanda ya gan su. Bayan mutuwar Andy, Kalifoniya ta yi dokar ƙara launuka masu haske a jikin irin waɗannan bindigogi. Birtaniya kuwa tun dokarta ta 2006, in ba ka nuna kai ɗan wasa ne a filin da aka sani ba, sai dai a sayar maka da wadda aka shafe fiye da rabinta da launi mai ƙyalli.

43/ Ni ɗan Katsina ne. Ranar da abokin ajina ya fara kai ni filin sabage a lardin Chiba, inda filayen suka fi yawa a kusa da Tokiyo, ina tsugune bayan bishiya sai wani ya ɓullo daga cikin ciyawa, fuska a rufe, AK a hannu. Na san roba ce. Ni da kaina na ga an auna ta da safe. Amma ƙafafuna suka ƙi motsi, bakina ya kama salati da kansa.

44/ Ya harbe ni a kafaɗa, na manta ma da ƙa'idar wasan, wato ka ɗaga hannu ka yi ihun "hitto" ka fita da kanka, don ba fenti da zai tona ka, amana ce kawai. Wanda aka harba ya ƙi fita "zombi" suke ce masa, kuma babban abin kunya ne. Sai da mutumin ya sauke bindiga ya rusuna yana ba ni haƙuri. Ashe ma'aikacin ofis ne, ya kusa sa'ar babana.

45/ A jirgin ƙasa muna dawowa abokina ya tambaye ni me ya faru. Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin yadda ake shiru a mota in an shiga wasu hanyoyi a wajenmu, yadda ake kashe waƙa kowa ya kama addu'a. A wurinsa AK abin wasan bidiyo ce. Ya yi shiru har tasha uku, sannan ya ce in ba na so kada in sake zuwa don shi.

46/ Na sake zuwa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, wasan da daɗi. Injin cikinta ya koya mini giya fiye da darasin zango guda. Amma har yau ban daidaita da kaina a kan siffar ba. Hoton da na ɗora ma, da na tuna wa da wa ke bibiyata, da waɗanda aka taɓa ɗauke musu 'yan uwa, na ga ban kyauta ba. Na sauke shi jiya da dare.

47/ Masu cewa in taho musu da ita: a'a. Ko a nan, a cikin jaka a rufe ake ɗaukarta, ba mai fito da ita a tasha. A Najeriya kuwa ƙananan bindigogin iska suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigo da su kwata-kwata, balle doguwa mai siffar AK. Ko ta wuce filin jirgi, a shingen bincike da magariba ba wanda zai tsaya auna jul, kuma 'yan sintirin unguwa ba za su ƙwanƙwasa ƙota su ji ko roba ce ba.

48/ Wani ya tambaya a ƙarƙashin hoton ko ana iya mayar da ita ta gaske. Ba a iyawa. Bututun tagulla ne siriri, akwatin tutiya ne, ba ma inda harsashi zai zauna. Shekara da shekaru 'yan majalisa da injiniyoyi suka yi suna tabbatar da hakan, tun daga 1971.

49/ Hajiya dai sai da na kira ta a bidiyo, na kwance bindigar a kan tabarma, na nuna mata batir da giya uku da ƙwallayen a tafin hannuna. Ta daɗe tana kallo, ta ce to in dai injin ne abin sha'awar, me ya hana su sa shi a cikin abin da bai yi kama da wannan ba? Na ce mata akwai masu launi-launi kamar na 'yan sama jannati, amma ba su ake saye ba. Ta ce in tabbata na sayar kafin in hau jirgi. Na riga na yi wa wani ɗan aji ɗaya alkawarinta, har da sabon fistin da ban sa ba tukuna.